Ina Ɗalibin Famasi Zai Fi Koyon Aiki: Ɗakin Majinyata, Kantin Magani, Ko Wani Wurin?

Idan ɗalibin harhaɗa magunguna ya kai shekarun ƙarshe, akan miƙo masa jerin wuraren da zai je sanin makamar aiki. Wasu wuraren dole ne, ba a neman ra'ayinsa. Amma makarantu da yawa sukan bar masa wasu makonni ya zaɓa da kansa, ko a bar shi ya yanke wanda zai fara da shi da wanda zai fi daɗewa a ciki. Nan ne kai ke ɗaukar zafi. Abokai suna ta rububin babban asibiti saboda suna, wani malami ya ce kantin magani ne makarantar gaskiya, ga kuma aljihu yana tasa maganar. Makonnin ba su da yawa, taura biyu kuma ba ta taunuwa.

Ba ƙaramin ɓangare na karatun ba ne. A Amurka, ƙa'idar hukumar da ke tantance makarantun famasi ita ce ɗalibi ya yi aƙalla awa 300 na gabatarwa a shekarun farko, sannan awa 1,440 a shekarar ƙarshe, kuma dole ya ratsa kantin magani da sashen magani na asibiti da ɗakin majinyata da wurin masu zuwa a duba su su koma gida. A Birtaniya, bayan digirin shekara huɗu akwai mako 52 na horo a ƙarƙashin kulawa, kuma daga 2026 sababbin masu rajista da suka bi sabon tsarin karatu suna da ikon rubuta magani da kansu. Kowace ƙasa da nata tsarin, amma wuraren da ake zaɓa a tsakaninsu kusan iri ɗaya ne, kuma su zan auna a nan.

Abin da za a auna da shi

Na farko, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: me za a bari ka yi da kanka? A 1990 wani malamin likitanci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa hawa huɗu. Ka san abu, ka san yadda ake yinsa, ka iya nuna shi a gaban mai jarrabawa, sannan ka yi shi da gaske a bakin aiki. Aji da littafi suna kai ka hawa na biyu. Jarrabawar da ake kawo wani ya yi kamar mara lafiya tana kai ka na uku. Na huɗun ba ya samuwa sai a wurin koyon aiki. Don haka wurin da zai ajiye ka a benci kana kallo bai ba ka abin da ka je nema ba, komai tsayin gininsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na biyu, wa zai tsaya a kanka? Ina nufin famasis ɗin da aka ɗora wa kula da kai. Ɗalibai nawa ne a hannunsa? Zai iya zama da kai ko da minti goma sha biyar ne kafin a tashi, ya ce maka "me ya sa ka ce a canza wannan?" Wannan tambayar, in ana yi maka ita kullum, ta fi lacca goma amfani.

Sauran ma'aunan huɗu ne. Ƙarko, wato shekara nawa ilimin zai yi yana maka aiki kafin ya tsufa. Tsada, wadda ba ta tsaya a kuɗin mota da masauki ba, har da lokacin karatun jarrabawa da 'yar sana'ar da kake riƙe kanka da ita. Sauƙi, na samun gurbi da na kama bakin zaren aikin. Sai haɗari, ga mara lafiya da kuma gare ka.

Ɗakin majinyata

Nan aka haifi abin da ake kira famasin gefen gado. A 1966 Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta buɗe ƙaramin ɗakin magani a hawa na tara na asibitinta, ta sa masana magani suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da nas-nas maimakon zama a bayan taga. Daga irin wannan gwajin ne aikin ya bazu.

Yinin ɗalibi a nan yana farawa kafin zagayen likitoci. Ka ɗauki fayil ɗin waɗanda aka kwantar da daddare, ka karanta abin da ya kawo su, ka duba sakamakon gwajin jini, sannan ka je bakin gado ka tambayi abin da suke sha a gida. A wannan tambayar ake tsintar abin da ya kuɓuce wa kowa. A ce dattijo ne mai shekara 70, nauyinsa kilo 60, yana shan lisinofiril da maganin sa fitsari saboda hawan jini, ga metfomin na ciwon suga. Ka ce, "Baba, ban da waɗannan, akwai wanda kake saye da kanka?" Sai ya sa a buɗe leda, ga ibufurofen da yake sha kullum saboda ciwon gwiwa. Haɗuwar ibufurofen da waɗancan magungunan hawan jinin biyu sananniyar hanya ce ta jikkata ƙoda. Ka koma fayil ka ga kiriyatinin ɗinsa, wato awon jini da ke nuna aikin ƙoda, 1.4 ne. Ka ɗauko lissafin ƙarfin ƙoda da masu bincike Cockcroft da Gault suka fitar a 1976: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a raba da 72 sau kiriyatinin. Wato 4,200 a raba da 100.8, ƙodarsa tana tace kusan mililita 42 a minti ɗaya. Da mace ce sai a ƙara ninkawa da 0.85. To yanzu ba ibufurofen kaɗai ne abin magana ba, har metfomin ɗin, domin ana rage shi idan tacewar ƙoda ta yi ƙasa da 45, a dakatar da shi idan ta yi ƙasa da 30.

Ka gano matsala, saura faɗarta, kuma a nan ɗalibai da yawa ke sarewa. Za ka fara kai wa mai kula da kai, in ya amince ka tsaya a gaban babban likita da jama'arsa ka ce, "Ranka ya daɗe, baban nan yana shan ibufurofen a gida, ƙodarsa kuma tana tace kusan 42. Ko za a duba metfomin ɗin?" Gajeriyar magana, da hujja, da ladabi. Ba a koyon wannan a aji.

Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ƙaddamar da gangamin rage illar kurakuran magani a 2017, ta ƙiyasta cewa kurakuran suna cin dala biliyan 42 duk shekara a duniya, ta kuma ware wurare uku da suka fi haɗari: yanayi da magunguna masu haɗari, shan magunguna da yawa lokaci guda, da lokacin da mara lafiya ke sauya hannu, kamar ranar kwantarwa da ranar sallama. Duk ukun suna haɗuwa a ɗakin majinyata kowace safiya. Shi ya sa ta fuskar ƙarko babu wurin da ya kama ƙafarsa. Sunayen magunguna za su canza, amma ɗabi'ar duba ƙoda da hanta da nauyi kafin ka amince da adadin magani za ta bi ka har ritaya.

Tsadarsa tana da ɗan yawa. Sammako ne kullum, sau da yawa asibitin yana nesa da inda kake zaune, wata sana'ar gefe kuma sai dai ka jingine ta. Makonni biyun farko masu wuya ne: gajerun kalmomin likitoci, rubutun da ba ya karantuwa, da jin cewa kowa ya san abin da yake yi ban da kai. Babban haɗarinsa shi ne ka zama ɗan rakiya. In ɗalibai goma sha biyu ne ke bin zagaye ɗaya, na baya ko muryar likita ba ya ji. Maganin wannan shi ne ka roƙi a ba ka gadaje uku ko huɗu su zama naka daga kwantarwa har sallama. Akwai kuma haɗarin ɗaukar cuta. Ka kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B tun da wuri, domin allura uku ce kuma ta ƙarshen sai bayan wata shida da ta farko. Kada kuma ka ɗauki hoton fayil da wayarka da sunan za ka karanta a gida, sirrin mutane ne.

Kantin magani

Ɗalibai suna raina shi, ni kuma ina ganin rainin bai da tushe. A ɗakin majinyata likita ya riga ya gano ciwon kafin ka iso. A kanti kai ne mutum na farko da aka kawo wa ƙorafi, babu fayil, babu gwajin jini, sai ido da kunne da minti uku.

Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai ya shigo yana neman maganin gyambon ciki, ya ce ƙirjinsa ke zafi. Ka tambaya ka ji zafin yana gangarawa hannun hagu, ga gumi yana keto masa. Wannan ba na kanti ba ne, asibiti zai tafi yanzu-yanzu. Wata ta zo sayen maganin tari karo na uku, tarin ya wuce mako biyu, tana ramewa, sai a tura ta gwajin tarin fuka. Wani mai yawan shan maganin ciwon jiki ya ce bayan gidansa ya koma baƙi, alamar zubar jini a ciki ke nan. Sanin wanda za a sallama da magani da wanda za a tura gaba shi ne ilimi mafi tsada a kanti, kuma za ka yi ta maimaita shi sau da yawa a yini ɗaya har ya zauna maka.

Lissafi ma yana nan, ƙanana ne amma ba sa ɗaukar kuskure. Yaro mai kilo 12, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, ya zama 180. Ruwan maganin da ke kan kanta miligiram 120 ne a mililita 5, saboda haka mililita 7.5 za a ba shi. Sai ka nuna wa uwar layin a jikin sirinji, ka ce, "Mama, nuna min inda za ki tsaya." Takarda za ta zo da metotirezet na ciwon gaɓoɓi, wanda sau ɗaya ake sha a mako, kuma an sha rasa rayuka saboda an sha shi kullum. Za ka koyi kallon firij ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 saboda insulin da alluran rigakafi, da fitar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa kafin sabo, da lura da kwalin da bugunsa bai yi kama da na kullum ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu jabu ne ko mara inganci, wanda ke karɓar kaya a kanti kuwa yana cikin masu tsaron ƙofa na ƙarshe.

Shi ya fi araha, ya fi sauƙin samu, yawanci akwai na kusa da kai. Matsalarsa ita ce ingancinsa ya rataya kacokan a kan mutum ɗaya. In famasis yana nan yana sauraron yadda kake magana da mutane, ka dace. In kuwa lasisinsa ne kawai ke rataye a bango shi yana can wani wuri, to yaron shago ka zama, za ka ƙare makonninka kana goge kanta da ba da canji. Abin da ya fi wannan muni shi ne ka kwashi mugun hali: ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga mai mura don kada ciniki ya wuce, ko miƙa maganin da doka ta ce sai da takardar likita saboda mai saye ya matsa. Abin da hannu ya saba da shi a watannin farko yana da wuyar bari. Wani giɓin kuma, ba kasafai za ka san ƙarshen labari ba. Wanda ka tura asibiti ya tafi ke nan, sai in Allah ya sa ya dawo ya faɗa maka.

Asibitin masu ciwon da ake rayuwa da shi

Ina nufin ranakun da ake ware wa masu hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, tarin fuka, ƙanjamau, ko masu shan maganin tsinka jini, su zo a duba su su koma gida. A ganina wannan ne wurin da ɗalibai suka fi yin asarar rashin zaɓa, domin ya haɗa rabin amfanin ɗakin majinyata da rabin na kanti. Akwai fayil da sakamakon gwaji, akwai kuma kujera da lokacin zama da mutum.

Darasin wurin ɗaya ne babba: me ya sa mutane ba sa shan maganin da aka ba su? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ce ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. In ka ce wa mutum "kana shan maganinka?" zai ce e, don kunya ko don a rabu lafiya. In ka ce, "Kowa yakan manta wani lokaci, a makon nan sau nawa ya wuce ka?" sai gaskiya ta fito. Daga nan ka ji dalili. Wani busasshen tari lisinofiril ya sa masa, bai san akwai madadinsa ba. Wata maganin sa fitsari take sha da dare yana hana ta barci. Wani ya ga awon jininsa ya sauka ya ɗauka ya warke. Wani kuɗin ne ya gagara, yana raba ƙwaya biyu don ta kai wata.

A nan ne kuma cuɗanyar magunguna ke fita daga littafi ta zama mutum. Rifamfisin na tarin fuka yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, shi ya sa mai shan dolutegirabir na ƙanjamau yake komawa miligiram 50 sau biyu a yini maimakon sau ɗaya, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ba ta zama abin dogaro ga mai shan rifamfisin. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ana son awon daskarewar jininsa, wato INR, ya tsaya tsakanin 2 da 3 a yawancin cututtuka, ƙarin magani ɗaya na kwana biyar yana iya fitar da shi daga wannan layin.

Lokacin aikinsa tsararre ne, babu kwana, tsadar matsakaiciya ce, haɗarin kuskure kuma da sauƙi tunda akwai lokacin tambaya, sai dai a kula da takunkumin hanci a wurin masu tarin fuka. Rauninsa biyu. In makonninka huɗu ne kuma ana ba mutane wata biyu ko uku su dawo, ba za ka ga sakamakon shawararka ba, alhali shi ne daɗin wurin. Sannan jagororin jinya suna sauyawa. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauko da iyakar hawan jini zuwa 130 bisa 80, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir a matsayin zaɓin farko. Lambobin da ka haddace za su tsufa, iya zama da mutum ne zai rage maka. Ka kuma tambaya kwana nawa ake buɗewa a mako, kada ka je ka tarar kwana biyu ne, sauran ukun zaman kashe wando.

Sassa na musamman

Ɗakin kulawa ta musamman, sashen ciwon daji, na jarirai, na wankin ƙoda. Nan ne aikin famasis ya fi fitowa fili. Wani bincike da aka wallafa a 1999, wanda aka yi a babban asibitin Masacusets da ke Boston, ya nuna cewa shigar famasis cikin zagayen likitoci a ɗakin kulawa ta musamman ya rage illolin magani da ake iya kaucewa, waɗanda kuskuren rubutawa ke jawowa, da kashi 66 cikin ɗari. Likitoci sun karɓi 362 daga cikin shawarwari 366 da ya bayar. Sai dai a lura, gogaggen famasis ne, ba ɗalibi ba.

Abin da za ka gani yana da ban sha'awa. Auna yawan bankomaisin ko jentamaisin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a cikin jini don daidaita allura ta gaba. Lissafin kabofilatin da ƙarfin ƙoda, da na wasu magungunan ciwon daji da faɗin fatar jiki. Dokokin da aka kafa bayan an rasa rayuka, kamar cewa binkiristin na ciwon daji ta jijiya kaɗai ake ba da shi, in ya shiga ruwan laka kisa yake yi, ko cewa fotasiyam mai kauri ba a tura shi a jijiya sai an sirka. A sashen jarirai ɗigo ɗaya da ya goce a lissafi yana ninka magani sau goma.

Saboda wannan haɗarin ne ba za a bari ka taɓa abubuwa da yawa ba, kuma gaskiyarsu ne. A ma'aunina na farko ke nan wurin yana da rauni: gani da yawa, yi kaɗan. Wanda bai ratsa ɗakin majinyata na gama-gari ba zai yi makonninsa yana jin magana kamar da wani yare. Gurbi yana da wuyar samu, yawanci sai manyan asibitocin koyarwa, ga kuɗin masauki. Ilimin mai zurfi ne amma siriri, in ba a fannin za ka zauna ba yana saurin gudu. Magungunan ciwon daji suna da illa ga mai haɗa su, ɗaliba mai juna biyu ta sanar da mai kula da ita tun ranar farko. Akwai kuma nauyin zuciya da ba a cika faɗa ba: za ka zo da safe ka tarar gadon da ka yi kwana huɗu kana bi an gyara shi babu kowa.

Cibiyar bayanan magunguna

Ta farko a Jami'ar Kentaki ta Amurka aka buɗe ta a 1962. Aikinta amsa tambayoyin likitoci da nas-nas da hujja, da tattara rahoton illolin magani, aikin da ya samu tsarin ƙasa da ƙasa a 1968 bayan bala'in talidomaid, maganin da ya sa aka haifi jarirai da nakasa. Za ka koyi tace bincike da rubuta amsa a shafi ɗaya, ilimi ne mai ƙarko, babu haɗari, babu tsada. Amma ba za ka ga mara lafiya ba. Mako ɗaya ko biyu sun isa, sai in bincike ka nufa.

| Wuri | Abin da za ka yi da kanka | Tsada | Sauƙi | Ƙarkon ilimi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗakin majinyata | Da yawa, in an ba ka gadaje | Matsakaiciya zuwa babba | Farkonsa da wuya | Mai yawa sosai | Zama ɗan rakiya, ɗaukar cuta |
| Kantin magani | Da yawa sosai | Kaɗan | Da sauƙi | Magana da tantancewa suna daɗewa | Rashin mai kulawa, mugun sabo |
| Asibitin masu doguwar jinya | Da yawa | Matsakaiciya | Da sauƙi | Iya zama da mutum yana daɗewa, lambobi suna tsufa | Rashin ganin sakamako |
| Sassa na musamman | Kaɗan | Babba | Da wuya | Mai zurfi amma siriri | Kallo kawai, magunguna masu illa |
| Cibiyar bayanai | Bincike da rubutu | Kaɗan | Da sauƙi | Mai yawa | Babu mara lafiya |

Teburin nan yana magana ne a kan nau'in wuri, mai kulawa kuwa yana iya juya shi gaba ɗaya. Kanti mai famasis da ke tsaye a kanka ya fi ɗakin majinyatan da aka watsar da kai. Don haka kafin ka cike takarda, nemi wanda ya yi koyon aiki a wurin bara. Kada ka tambaye shi ko wurin yana da kyau. Tambaye shi mutum nawa ya yi magana da su da kansa a mako, sau nawa aka zauna aka gyara masa aiki, da abin da aka yi ranar da ya yi kuskure. Amsar ta ukun ita ce za ta nuna maka ko za ka iya buɗe baki ka ce "ban sani ba" a wurin.

Wa ya dace da ina

In zaɓi ɗaya tak gare ka kuma ba ka san inda za ka dosa bayan karatu ba, ɗauki ɗakin majinyata na gama-gari. Abin da ka koya a can yana bin ka kanti, amma na kanti ba duka ne ke bin ka asibiti ba.

In kai gwanin littafi ne da baki ke nauyi a gaban mutane, kanti ko asibitin masu doguwar jinya za ka je, duk da ranka zai fi son cibiyar bayanai inda babu mai takura maka. In kuma akasin haka ne, baki na zuba amma lissafi da gwajin jini suna ba ka tsoro, ɗakin majinyata ne maganinka.

Mai niyyar buɗe kanti nasa ya yi tsammanin kanti zan ce masa. A'a. Shekarun kanti suna jiransa a gaba, ƙofar ɗakin majinyata kuwa tana iya rufe masa daga ranar da ya karɓi lasisi. Ya je ya ga yadda ƙodar da magungunan ciwon jiki suka lalata take a kan gado, zai daɗe yana tunawa a bayan kanta.

Wanda aljihunsa ko hidimar gida ba za su bar shi ya yi nisa ba, ya nemi kanti mai famasis na gaske kusa da shi, ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa ranar masu hawan jini ko ciwon suga a asibiti mafi kusa ko da sau ɗaya ne a mako. In makonnin sun kai takwas ko fiye, asibitin masu doguwar jinya ya ƙara daraja, domin za ka ga waɗanda ka ba shawara sun dawo. Sassa na musamman kuwa na wanda ya riga ya yi ɗakin majinyata ne, ya ji daɗinsa, yana kuma tunanin ƙwarewa a fannin. Shi ma ya bar su zuwa zangon ƙarshe, lokacin da lissafin ƙoda ya riga ya zauna masa a ka.